Ƙwayar Tazarar Haihuwa A Gidajen Fatake: Daga Okala Zuwa Bakin Iyaka

Duk wanda ya sauka a filin jirgin sama na Léon-Mba da ke Libreville, babban birnin ƙasar Gabon, ya miƙe arewa kan hanyar da ta nufi Cap Estérias, ba zai yi nisa ba zai shiga Okala. Unguwa ce da ke cikin ƙaramar hukumar Akanda, wadda aka kafa a shekarar 2013 bayan birnin ya cika ya tumbatsa, ya fara malala ta wannan ɓangare. A yau matar da ke zaune a Okala za ta iya zuwa ƙaramin asibitin gwamnati na unguwar, ko wani kantin magani, ta nemi ƙwayar tazarar haihuwa, babu wanda zai ce ta taka doka. Amma idan aka waiwaya baya kaɗan, za a tarar cewa kusan shekara 31 doka ta yi tana hana wannan ƙwaya a Gabon.

A watan Oktoban 1969 ne gwamnatin marigayi Shugaba Bongo ta kafa dokar da ta haramta magungunan hana ɗaukar ciki, sai fa inda likitoci suka tabbatar akwai larurar rashin lafiya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙasa ce mai faɗin daji da arzikin mai da katako, amma mutanenta ba su da yawa, ga kuma matsalar rashin haihuwa da ta addabi mata da dama a wannan yanki na tsakiyar Afirka. Matsalar ta yi tsanani har sai da aka buɗe wata cibiyar bincike a garin Franceville a 1979, wadda aikinta na farko shi ne gano abin da ke hana matan ƙasar haihuwa. Sai a watan Agustan 2000 aka soke waccan doka, aka ba mata damar neman maganin a fili.

Wannan tarihi ya bar tabo. Binciken lafiyar iyali da aka gudanar a Gabon a 2012 ya nuna cewa mace 19 ce kawai cikin 100 na matan aure ke amfani da wata hanya ta zamani, kuma mafi yawansu kwaroron roba ne. A Nijeriya, irin wannan bincike na 2018 ya sami mace 12 cikin 100, a yawancin jihohinmu na arewa kuwa adadin ya yi ƙasa da haka. Inda aka daɗe ana yin abu a ɓoye, to ilminsa ma a ɓoye yake yawo, daga bakin wannan zuwa kunnen waccan, yana tafe yana canza kama.

Abin ya shafe mu kai tsaye. Hausawa sun fi shekara ɗari suna fatauci a arewacin Gabon, a garuruwa irin su Bitam da Oyem, daga baya kuma suka gangara Libreville, inda ba a raba su da kasuwar Mont-Bouët. Har gobe albasa da dabbobi da yadi suna bin wannan hanya: daga Marwa da Garwa zuwa Ngaundere, a sauko Yawunde, a wuce Ambam, a ƙetare kogin Ntem a Eboro ko a bi ta Kye-Ossi, sannan a kama titin Bitam, Oyem, Mitzic, Ndjolé har bakin teku. Falke yakan yi mako uku, wani lokaci wata biyu, bai kwana a ɗakinsa ba. To a nan ne kuskuren da ya fi kowane yawa yake aukuwa, kuma saboda shi ne muka ɗauko wannan batu.

Kuskuren ranar dawowar maigida

Abin da yakan faru shi ne, maigida na kama hanya sai uwargida ta jefa katin maganin cikin kwalla, a ganinta tunda ba ya nan babu amfanin sha. Ran da aka bugo waya aka ce motarsu ta baro Oyem, sai ta lalubo katin ta haɗiyi ƙwaya ɗaya, wata ma biyu don ya fi kamawa. Bayan wata biyu sai ga ciki, yaro na goye bai shekara ba, sai a ce maganin jabu ne, ko kuma an yi mata wani abu. Alhali maganin bai yi laifin komai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin a gane dalili, sai an san abin da ƙwayar take yi a jiki. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai wata 'yar halitta da ba ta wuce ƙwayar wake ba. Kowane wata takan aika da saƙo ta cikin jini zuwa ma'ajiyar ƙwan mace guda biyu da ke gefen mahaifa, cewa a nuna ƙwai ɗaya a sake shi. Ƙwan yakan fito ne kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba, kuma ba ya wuce kwana ɗaya da rai. Maniyyi kuwa yana iya yin kwana biyar a jikin mace yana jira. Idan suka haɗu, ciki ya samu da ikon Allah. Da zarar ciki ya shiga, sai jikin mace ya cika da wasu sinadarai biyu, istirojin da furojestaron, waɗanda ke sanar da waccan 'yar halitta cewa ta dakata da aika saƙo. Shi ya sa mai ciki ba ta sake ɗaukar wani cikin a kan wanda take ɗauke da shi.

Ƙwayar tazara tana ɗauke ne da kwatankwacin waɗannan sinadarai biyu, ɗan kaɗan a kowace ƙwaya. Idan mace na sha kullum, saƙon sakin ƙwai ba ya fita, ƙwan yana nan kwance a ma'ajiyarsa. Bugu da ƙari, majinar da ke bakin mahaifa takan yi kauri ta toshe hanya, ta yadda maniyyi ba ya iya ratsawa. Ke nan babu abin da ya haɗu balle a ce an zubar. Wadda ta riga ta ɗauki ciki, ko ta sha ƙwayar ba za ta fitar da shi ba.

Sai dai jiki ba ya ajiye wannan sinadari. Hanta na narkar da shi, ya fita ta fitsari da bayan gida, cikin kwana ɗaya ko biyu ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen da muke ji a gidajen biki, wai ƙwayoyin taruwa suke yi a mahaifa su zama dutse. Haka kuma ana bukatar kwana 7 a jere ana sha kafin a tabbata ma'ajiyar ƙwai ta yi barci. Saboda haka ƙwayar da aka sha daren da maigida ya dawo ba ta tsare komai ba. Ko yana Okala, ko yana Kye-Ossi, ko yana Kantin Kwari, ita dai ƙwaya ɗaya ce kullum.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun fayyace bambancin. Cikin mata 100 da ke sha daidai ba fashi har tsawon shekara, ko ɗaya ba ta cika ɗaukar ciki ba. Amma idan aka duba yadda mutane suka saba sha, yau an sha gobe an manta, sai a sami kimanin mace 7 cikin 100. Ɗan kasuwa ya san abin da asarar bakwai cikin ɗari take nufi.

Asalin ƙwayar

Abin sha'awa, da doya aka fara. A ƙasar Meziko akwai wata doyar daji da ba a ci, wadda masana suka gano ana iya tatsar wani sinadari daga jikinta. A 1951, a ɗakin binciken kamfanin Syntex da ke birnin Meziko, Carl Djerassi da wani matashin ɗalibi mai suna Luis Miramontes suka haɗa sinadarin da ake iya haɗiya ya yi aikin furojestaron. Daga baya Gregory Pincus da likita John Rock suka yi gwaje-gwaje a kan irin wannan sinadari, har hukumomin Amurka suka amince da ƙwayar farko mai suna Enovid a 1960, shekarar da Nijeriya da Nijar da Gabon suka sami 'yancin kai. Kada dai wani ya ji an ambaci doya ya ce zai riƙa saya wa iyalinsa buhu, cin doya ba ya hana komai sai yunwa.

Waccan ƙwaya ta farko tana da ƙarfi ainun, istirojin ɗin da ke cikinta ya ninka na yawancin ƙwayoyin yau kusan sau biyar. Da yawa daga labaran tsoro da iyayenmu suka ji, daga wancan zamani suka samo asali. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2019 ya nuna mata kimanin miliyan 150 ne ke shan ƙwayar a faɗin duniya.

Katin da yadda ake bin sa

Ƙwayar iri biyu ce, kuma wajibi ne mace ta san wadda ke hannunta. Akwai mai sinadari biyu, irin su Microgynon da Combination 3 da aka sani a Nijeriya, da Minidril da ake samu a kantunan ƙasashen da Faransa ta raina. Sannan akwai mai sinadari ɗaya, wadda aka fi ba masu shayarwa, irin su Microlut da Microval da Exluton.

Mai sinadari biyu takan zo da ƙwaya 21 ko 28 a kati. Idan 28 ce, 21 na farko su ne maganin, sauran 7 masu launi daban babu maganin tazara a cikinsu, wasu kamfanoni sukan sa musu sinadarin ƙarin jini. A cikin waɗannan kwanaki 7 ne jini yake zuwa. Ana gama kati, washegari a buɗe sabo, ko jinin ya ɗauke ko bai ɗauke ba. Idan kuwa mai 21 ce, ana gamawa sai a huta kwana 7, a rana ta takwas a fara sabo. Wannan hutu shi ne wurin da ya fi haɗari a duk lissafin, domin a ƙarshensa ma'ajiyar ƙwai ta fara farkawa. Wadda ta ƙara kwana uku a kai saboda katinta ya ƙare kuma maigida bai aiko da kuɗi ba, ta fi shiga haɗari a kan wadda ta manta ƙwaya ɗaya a tsakiyar kati. Don haka muke ba da shawarar a riƙa ajiye kati biyu ko uku a gida, musamman idan tafiya ta taso.

Wadda ta fara sha cikin kwana 5 na farkon al'adarta, kariya ta samu nan take. Idan a wani lokaci ta fara, bayan ta tabbata ba ta da ciki, to sai ma'auratan su yi haƙuri da juna ko su yi amfani da kwaroron roba na kwana 7.

Akwai wata 'yar matsala da ta keɓanta da mu masu ƙetare iyaka. Katin da aka saya a Libreville ko Yawunde, ranakun mako da ke bayansa da Faransanci aka rubuta su a taƙaice: LUN Litinin ce, MAR Talata, MER Laraba, JEU Alhamis, VEN Juma'a, SAM Asabar, DIM kuma Lahadi. Matar da aka auro daga Kano ko Mubi ba lallai ta gane su ba, kuma kunya kan hana ta tambaya. Maigidan da ya iya cinikin albasa da Faransanci, minti biyu ya ishe shi ya karanta mata. Haka nan sunan magani yakan canza daga ƙasa zuwa ƙasa alhali abin da ke ciki ɗaya ne, saboda haka a riƙa tafiya da tsohon kati a nuna wa mai kantin magani, shi zai duba sinadarin ya ba da makamancinsa.

Game da lokaci kuwa an yi sa'a, agogon Gabon da Kamaru da Cadi da Nijeriya da Nijar duk ɗaya ne. 'Yan kasuwa mata masu zuwa sari Dubai ko Guwanzu ne ya kamata su lura, Dubai na gabanmu da awa 3, Sin kuma da awa 7, sai a yi lissafi kada tsakanin ƙwaya da ƙwaya ya wuce awa 24 da yawa. Mafi sauƙi shi ne a ɗaura shan maganin a kan abin da ba ya wuce mutum kullum, kamar bayan sallar Isha'i. Wadda ta saba da wannan lokaci, ko azumi ya zo babu abin da zai canza mata.

Idan an manta

Mantuwa halin ɗan Adam ce, kuma akwai ƙa'idarta. Ga mai sinadari biyu, idan ƙwaya ɗaya ko biyu aka tsallake, sai a sha ɗaya da zarar an tuna, a ci gaba da sauran a lokacinsu, ko da hakan zai sa a sha biyu a rana guda. Haɗarin kaɗan ne, ko da yake akwai likitocin da ke cewa daga biyu ma a fara taka-tsantsan, musamman ga ƙwayoyi marasa ƙarfi sosai. Idan uku ne ko fiye, ko an makara buɗe sabon kati da kwana uku, sai a sha ɗaya nan take, a ci gaba, sannan a kiyaye na kwana 7. In a mako na uku na katin ne aka yi wannan fashi, to a ƙarasa masu maganin, a zubar da bakwai ɗin nan masu launi daban, a shiga sabon kati washegari ba hutu.

Wadda ta yi amai kafin awa 2 da shan ƙwaya, ta ɗauka ba ta sha ba, ta sake shan wata. Amai ko gudawa mai tsanani da ta wuce kwana biyu kuwa hukuncinta ɗaya da na wadda ta tsallake uku. Mun san yadda ruwan tasha da abincin hanya suke yi wa matafiyi.

Mai sinadari ɗaya ba ta da wannan sassauci. Kullum ake shan ta ba hutu tsakanin kati da kati, kuma ga irin su Microlut da Microval, idan aka makara fiye da awa 3 to an yi fashi, sai a sha nan take a kiyaye na kwana 2. Dalili shi ne babban aikinta kaurara majinar bakin mahaifa, wannan kauri kuwa ba ya daɗewa.

Akwai kuma ƙwayar gaggawa, wadda a Nijeriya aka fi sani da Postinor-2, a Gabon da Kamaru kuma Norlevo. Ana shan ta ne bayan an riga an sadu ba tare da kariya ba, ta fi aiki cikin kwana 3 na farko, kuma gwargwadon saurin sha gwargwadon amfaninta. Jinkirta fitar ƙwai take yi, ba ta taɓa cikin da ya riga ya zauna. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne yadda wasu suka mayar da ita abar sha duk mako. Ba ta kai ta kullum kariya ba, ga rikita al'ada, ga tsada.

Mai jego da mai goyo

Tun kafin zuwan asibiti Bahaushe ya san illar kwanika, abin da wasu ke kira rurrutsa. Shi ya sa a da mai jego takan tafi gidan iyayenta ta daɗe, kuma ba a yaye yaro sai ya kusa shekara biyu. Amma yarinyar da aka kai aure Libreville, uwarta na Zinder ko Katsina, wane gida za ta tafi? Ana gama wankan jego rayuwa ta koma yadda take. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki, bayan ɓari kuma wata 6, saboda jinin uwa ya dawo, shi ma na goye ya sami nono da kulawa.

Shayarwa da kanta kariya ce, amma da sharuɗɗa uku da sai sun haɗu: yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da zarar ɗaya ya faɗi, kariyar ta tafi. Mai shayarwa ba a ba ta mai sinadari biyu kafin mako 6 da haihuwa sam, kuma an fi so ta jira har wata 6, domin istirojin na iya rage nono. Mai sinadari ɗaya ita ce tata, ba ta rage nono, ba ta cutar da jariri.

Ba kowa ce za ta sha ba

A nan ne muke jan hankalin 'yan uwanmu masu sayar da magani a tire da kan tebur, daga Mont-Bouët har kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari. Mai sinadari biyu tana ƙara yiwuwar daskarewar jini a jijiya. Alƙaluman hukumar magunguna ta Turai sun nuna cewa cikin mata 10,000 da ba sa sha, kimanin 2 ke gamuwa da wannan a shekara, cikin masu shan irin su Microgynon kuwa 5 zuwa 7. Adadin ba shi da yawa, hasali ma ciki da jego sun fi ƙwayar jawo wannan matsala. Amma ga wasu mata haɗarin yakan ninka, har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko rasa rai.

Mai hawan jini ba ta sha, kuma hawan jini ba ya nuna kansa a fuska, sai an ɗaura abin awo a dantse. Haka mai shan taba da ta kai shekara 35, da mai ciwon ɓarin kai irin wanda kafin ya taso take ganin walƙiya ko gani ya dushe mata, da wadda jini ya taɓa daskare mata, da mai ciwon zuciya, da mai ciwon hanta mai tsanani, da wadda ta taɓa yin sankarar mama, da mai ciwon sukari da ya daɗe har ya taɓa ido ko ƙoda. Mai sikila ma kada ta fara sai da izinin likitanta. Mai tire ba shi da abin awo, ba zai yi waɗannan tambayoyi ba, ga katin ya wuni a rana ya kwana a raɓa, alhali magani ne da ake so a ajiye a inuwa inda babu zafi da laima. Libreville kuwa gari ne na ruwan sama da gumi. Araha ba ta ado. A Nijeriya tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce a riƙa ba da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocinta, Nijar ma ta yi haka tun 2006, a Gabon kuma ban da asibitoci akwai ƙungiyar kula da jin daɗin iyali ta MGBEF da ke wannan aiki.

Wasu magunguna suna karya ƙarfin ƙwayar, domin sukan sa hanta ta narkar da ita da wuri. Na gaba-gaba shi ne Rifampicin na tarin tibi, wanda ke mayar da fitsari ja, sai magungunan farfaɗiya irin su Carbamazepine da Phenytoin da Phenobarbital, da wasu daga cikin magungunan cutar ƙanjamau. Maganin zazzaɓin cizon sauro da Paracetamol da Amoxicillin ba sa hana ta aiki.

A watanni biyu ko uku na farko mace na iya jin tashin zuciya, ko ɗan ciwon kai, ko nauyin mama, ko ta riƙa ganin ɗigon jini a tsakiyar wata. Yawanci yakan wuce da kansa, shan ƙwayar da dare bayan an ci abinci yana rage tashin zuciyar. Abin da ba a jira da shi shi ne ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, kumburi da zafi a ƙafa ɗaya, matsanancin ciwon kai da dushewar gani, nauyin harshe ko na hannu, ko idanu su yi rawaya. Wannan a dakatar da sha a nufi asibiti a ranar. Mai doguwar tafiya a mota kuma ta riƙa sauka tana taka ƙafa duk inda aka tsaya, ta yawaita shan ruwa, domin dogon zama wuri ɗaya shi ma yana taimaka wa jini ya daskare.

Ta wani gefen kuma tana da amfanin da ba a cika faɗa ba. Tana rage yawan jinin al'ada da ciwon mara, abin da ke taimakon mai ƙarancin jini, kuma bincike na shekaru masu yawa ya tabbatar tana rage haɗarin sankarar ma'ajiyar ƙwai da ta cikin mahaifa. Game da sankarar mama, an ga ɗan ƙari kaɗan a lokacin da ake sha, wanda ke gushewa a hankali bayan an daina.

Tsoron rashin haihuwa

Babbar fargabar maza da surukai ita ce kada ƙwayar ta kashe mahaifa. Tarihin Gabon da kansa ya ba da amsa. A shekarun da rashin haihuwa ya fi tsanani a ƙasar, ƙwayar haramtacciya ce, yawancin matan ko ganinta ba su taɓa yi ba. Abin da binciken likitoci ya gano a wannan yanki shi ne, babban mai laifin cututtukan da ake ɗauka ta saduwa ne, irin su ciwon sanyi, waɗanda idan ba a yi maganinsu da kyau ba sukan toshe hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Ita ƙwaya, ana daina sha haihuwa take dawowa, wata ma a watan farko take ɗauka.

Wannan magana ta dawo kanmu maza matafiya. Ƙwayar tazara ba ta tsare mace daga ciwon sanyi ko ƙanjamau ko kaɗan. Wanda ya kwaso cuta a masaukin hanya ya kawo gida, ya sha kafso biyu a tasha ya ce ya warke, shi ne ya fi kusa da hana matarsa haihuwa. Gidan da aka shekara ana nema ba a samu ba, miji da mata ne ya kamata su je awo tare.

Ta fuskar addini, malamai sun daɗe da tattauna batun, suna kafa hujja da azalu da aka sani tun zamanin Sahabbai. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disambar 1988, ta yanke cewa ya halatta ma'aurata su jinkirta ɗaukar ciki na wani lokaci don ba da tazara, idan akwai bukatar da Shari'a ta yarda da ita, bisa shawara da yardar junansu, ba tare da cutarwa ba. Ta kuma hana kashe haihuwa gaba ɗaya sai da larura, ta hana gwamnati ƙayyade wa mutane yawan 'ya'ya. Mu lura da sharaɗin yardar juna. Matar da ke ɓoye kati a cikin tukunya tana sha a sace, ita ce ta fi kowa tsallake kwanaki. A jihar Damagaram ta Nijar an gane haka, shi ya sa aka ɓullo da makarantar mazaje, inda magidanta ke zama suna tattauna lafiyar matansu, tsarin da daga baya wasu ƙasashe suka kwaikwaya.

Wadda ta gwada ta ga shan kullum ya gagare ta, ko maigidanta ba ya sanar da ranar dawowarsa, akwai hanyoyin da ba sa bukatar tuni. Akwai allurar wata 3, har da irin Sayana Press da ake koya wa mace ta yi wa kanta a gida, sai dai bayan an daina allura haihuwa kan ɗan jinkirta wasu watanni kafin ta dawo. Akwai ashanar da ake sawa a dantse, Implanon ta shekara 3, Jadelle ta shekara 5, da robar mahaifa mai jan ƙarfe da ke kai shekara 10, kuma duk ranar da aka so ana iya cire su. A asibitocin Gabon da Kamaru, sashen da za a tambaya sunansa planning familial, ƙwayar kuma pilule suke ce mata. A tafi da tsohon kati, da duk wani magani da ake sha, a kuma tuna ranar da al'adar ƙarshe ta fara, domin ita ce tambayar farko da ungozoma za ta yi kafin ta ɗaura abin awon jini.